Sauro Biyu a Kwanon Barmu

Litinin, 5 ga Agusta 2024

Yau na fara aikin kamun sauro. Ni Ciɗo, da na yi damina uku ina kai mutane Takanamat da Barmu bisa moto mai ƙafa biyu, yau ga ni cikin motar ma'aikata mai sanyi. Sadiƙu ne ya kai sunana wurin Madam Zaliha, shugabar aikin, ya ce ya san wani da ya san kowane gari da kowane tabki na Adar. Sadiƙu ɗan Gwaggo Hasiya ne, ƙanwar Baba. Taubashina ke nan, ɗan mace, bawana tun ranar da aka yanka mishi rago, ko jarrabawar bak goma ya ci.

Don kada ya manta matsayinsa, da aka tsaya shan shayi na musanya murfin gwangwanin sikari da na gishiri. Cokali uku ya zuba. Abdu direba ya yi dariya har ya sarƙe. Madam ta ɗaure fuska, sai Sadiƙu ya tofar ya ce, "Taubashina ne, Madam, ba a yi mishi fushi." Ta ce to, amma wasa ya tsaya wajen shayi.

Wanga kaye, littafin da nake rubutu ciki, ragowar nata ne ta ba ni. Da ajami nake rubutu. Sadiƙu in ya ga ajami sai ya riƙa juya takarda sama da ƙasa.

Laraba, 7 ga Agusta

Ga yadda aikin yake. Bayan asuba mu shiga gida, a fitar da abinci da tulun ruwa da kaji, mu shimfiɗa fararen zannuwa cikin ɗaki har ƙarƙashin gado, a rufe ƙofa da taga, a fesa magani. Bayan minti goma sha biyar mu kama zane ta kusurwa huɗu mu fito da shi haske, mu tsinci sauron da ya faɗo da hantsaki. Na kowane gari a zuba shi cikin faffaɗan kwanon roba mai murfi, a rubuta sunan garin bisa murfin.

Na tsinci ashirin da takwas kafin Sadiƙu ya kai tara. Madam ta ce idona na da kyau, ta miƙo mini alƙalami in rubuta sunan garin, Bambeye. Na rubuta, rubutu mai kyau, irin wanda Malam ke nuna ma sauran yara a makarantar allo. Ta duba, ta duba, ta ce a Yamai ba mai karanta wannan. Ta goge, ta ba Sadiƙu alƙalamin.

Ni in tsinta, shi ya rubuta. To.

Asabar, 10 ga Agusta

Asabar ita ce ranar raba sauro. Sadiƙu ya zauna a ofis ya buɗe kwano, ya sa kowace ɗaya cikin 'yar kwalbar roba kamar ƙaramin yatsa, ya rubuta mata lamba da sunan gari. Mata ne duka, maza ba su cizo. Na ce Madam, mi ya sa kowace da ɗakinta sai ka ce amare?

Ta ce masu kawo masassara a ƙasarmu akwai iri uku da suke kama ɗaya sak. Fiffike ɗaya, ƙafa ɗaya, ko ita da madubinta mai ƙara girma ba ta iya raba su. Amma halinsu ya bambanta. Wata ta fi son shanu, tana cizo a waje. Wata tana haihuwa a tabkin da ba ya ƙafewa, tana shiga ɗaki. Wata a 'yan ramukan ruwan sama. Ta faɗi sunayensu na likita, ni na raɗa musu nawa: Balaraba mai son shanu, 'Yar Tabki, da 'Yar Damina.

Na ce in ido bai raba su, wa ke rabawa? Ta ce cikin jikin kowace halitta akwai rubutun da ta gada wurin iyayenta, suna ce mishi ADN. A Yamai za a cire ƙafa guda, a niƙa, a sa cikin na'ura, ta karanta wani ɗan wuri inda rubutun ya sāɓa. Daga nan ake sanin wadda ta fi yawa a kowane gari, da irin sangen, wato gidan sauron, da ya kamata a kai musu.

Sadiƙu ya shiga bayani da faransanci. Na katse shi na ce kamar ayoyin nan masu kama da Malam ke kama mu da su wajen tilawa, farkonsu ɗaya, kalma guda ta sāɓa, in ba ka lura ba ta jefa ka wata sura. Madam ta ce, "Wallahi haka ne, Ciɗo."

Ba wanda ya rubuta wannan cikin kaye. Na rubuta da kaina.

Talata, 20 ga Agusta

An ba Sadiƙu farar riga ta ma'aikatan likita. Hannun ya yi mishi tsawo. Ni an ba ni safar hannu.

Lahadi, 25 ga Agusta

Gidan Gwaggo. Maƙwabta na kiransa dokta. Tsohuwar nan mai ƙosai har ta nuna mishi gwiwarta da ke ciwo, shi kuma ya danna ya ce ta rage gishiri! Na ce Gwaggo, bawana fa sauro yake ƙirgawa. Ta ce ai ko sauron ma shi ke rubutawa, ubangidansa na durƙushe yana tsinta. Aka yi dariya. Ni ma na yi, amma tuwon bai wuce da daɗi ba.

Juma'a, 30 ga Agusta

Yau ya wuce gona da iri. Cikin mota ya ce ma Abdu wai shi yanzu ya fara gane su da ido, wai sauron Barmu ya fi duhu, na Tawa ya fi ƙiba. Madam na gaba da waya a kunne, ba ta ji ba. Abin da ita da shekara goma sha biyu a aikin ta ce ba ta iyawa!

Za mu gani.

Alhamis, 5 ga Satumba

Barmu. Gidaje shida, kowane da shanu ɗaure bayan ɗaki. Arba'in da uku. Talatin da ɗaya ni na tsinta.

Juma'a, 6 ga Satumba

Tawa, unguwar bakin tabki. Arba'in da ɗaya.

Da aka tahi masallaci na ɗan dakata a ofis, wai ina neman hulata. Kwanon Barmu da na Tawa na bisa tebur. Na musanya murfinsu. Sai na tuna Madam na rubuta adadi cikin kayenta, don haka na ɗauki biyu daga sauron Barmu na gaskiya na ƙara cikin wancan, lissafi ya zauna daram: mai murfin Barmu arba'in da uku, mai murfin Tawa arba'in da ɗaya.

Gobe zan bar shi ya buɗe, in ce dokta, wannan na ina ne? Ya ce na Barmu, ga shi ma ya fi duhu. Sannan in faɗa gaban Abdu, a yi dariya, in mayar da murfi. Biyun nan na san su, na ajiye su gefe kusa da audugar da ke cikin kwanon.

Asabar, 7 ga Satumba

Ya buɗe. Na tambaya. Ya ce, "Barmu mana, ba ka ga duhun ba?" Dariya ta taho mini har wuya.

Ban buɗe baki ba Madam ta shigo da takarda. Wai an ba aikinmu wuri guda a horon wata shida a Yamai, inda na'urar nan take, kuma sunan Sadiƙu ta aika, saboda rubutunsa bai taɓa kuskure ba. Farkon Nuwamba zai tahi. Abdu ya rungume shi.

Na ce barka, bawana.

Na zauna ina kallo ya sa su ɗaya bayan ɗaya cikin kwalabe, ya girgiza kwanon, biyun nan suka shige cikin saura. Tamanin da huɗu ya rubuta ma lamba.

Litinin, 9 ga Satumba

Akwatin kwalaben ya tahi Yamai. Ai kamarsu ɗaya. Ƙafar sauro kuma, abin da iska ke ɗauka, wa zai ce daga wane gari ta fito?

Lahadi, 22 ga Satumba

Gwaggo ta ɗinka mishi kaya kala uku, ta sayi jaka mai taya. Yana jan ta cikin tsakar gida don ya koyi yadda ake yi. Na sa mishi kwaɗo a aljihun jakar. Ya yi tsalle, Gwaggo ta biyo ni da muciya tana dariya. Ta zuba mini miyar kuka da nama biyu, shi guda, wai ubangida ne zai yi kewar bawa.

Da Baba ya sa ni lakkwal, makarantar boko, da ni ne. Na san da ni ne.

Laraba, 2 ga Oktoba

Sakamako ya zo. Madam ta kira mu duka, ba ta zauna ba.

Ta ce shekara uku a jere Barmu Balaraba ce ta fi yawa, bakin tabkin Tawa kuwa 'Yar Tabki. Bana takarda ta ce an juya. Da wannan kaɗai ne da sai ta ce ko ruwan bana ne ya canza abubuwa. Amma an duba jinin da suka sha. Sauron da aka rubuta ma Tawa cike yake da jinin shanu, alhali gidajen da muka shiga ko akuya babu.

Ashe har abin da ta ci na'urar na gani.

Ta dubi Sadiƙu ta ce mutum guda ke rubuta murfi, mutum guda ke rubuta kwalba. Ya ce wallahi, wallahi. Ni na duƙa ina gyara igiyar takalmin da ba ta kwance ba.

Alhamis, 3 ga Oktoba

Bai sa farar rigar ba yau. Na yi zaton zan ji daɗi.

Lahadi, 6 ga Oktoba

Ya same ni ina wanke moto. Ya zo da kayensa, idanu jajur. Ya ce, "Ciɗo, kai ke da hadda, kanka ba ya yar da komi. Taimake ni mu bi ranar nan daki-daki. Ina na ajiye kwanon Barmu? Dama ko hagu?"

Na ce hagu. Gaskiya ne, hagu ne.

Ya ce to yaya aka yi? Ko dai na fara ruɗewa? Ya ce Gwaggo ba ta sani ba tukun, kada in faɗa mata. Ya ce ni kaɗai ya iya gaya ma.

Na zuba ruwa bisa moto har bokiti ya ƙare, wurin da na riga na wanke.

Talata, 8 ga Oktoba

Abdu ya ce babban shugaba na Yamai ya kira Madam. Wanda ba ya iya riƙe kwano biyu ba za a ba shi na'ura ba. Juma'a za ta aika a cire sunansa, a ba wani daga Maraɗi.

Ko an cire shi ba ni za a sa ba. Wannan na sani tun farko. To mi nake jira?

Alhamis, 10 ga Oktoba

Na faɗa.

Na same ta ita kaɗai da safe, na ce Madam, ni ne na musanya murfi. Ta ce kada in ɗauki laifin ɗan'uwana, ta san halin zumunci. Na ce ba ɗauka na yi ba, nawa ne. Na ba ta rana, da lokaci, da hular da ban ɓatar ba. Na ce har biyu na cire daga na Barmu na ƙara cikin wancan don adadi ya daidaita.

Ta ce, "Biyu?" Ta jawo takardar Yamai, ta bi da yatsa. Cikin arba'in da ukun da aka rubuta ma Barmu, biyu kacal ne Balaraba, dukansu da jinin saniya.

Na'urar ta tsince su. Biyun nan nawa, da ni kaina ba zan iya nuna su ba yanzu.

Na ce wasan taubasai ne, a wurinmu ba a riƙe shi. Ta ce ita ma tana da taubasai, kuma ta san inda wasa ke ƙarewa. "Ranar Juma'a ka yi wasa, na yarda. Wata guda da ka yi shiru fa? Shi ma wasa ne?"

Ta karɓi safar hannu da hantsaki. Ta kira Sadiƙu ta sa na maimaita a gabansa. Na jira ya zage ni, ko ya kai mini hannu. Ya ce, "Hagu, ko?" Ya fita.

Juma'a, 11 ga Oktoba

Baba ya ce in tahi in sami Gwaggo da ƙafata. Na tarar tana tsince wake. Ba muciya, ba dariya.

Ta ce, "Da ka ɓoye mishi takalmi ranar salla na yi dariya. Da ka sa mishi kwaɗo na yi dariya, haƙƙinka ne, ɗan yayana. Amma gaya mini, sau nawa ka ci tuwona cikin watan nan?"

Na ce huɗu.

Ta ce, "Biyar." Ta ci gaba da tsintar wakenta.

Asabar, 12 ga Oktoba

Ba a cire sunan ba, ba a kuma tabbatar ba. Abdu ya ce na Yamai ya ce sauron da aka yi wasa da shi ba ya shiga lissafi, na Barmu da na Tawa duka an zubar. Sadiƙu ya sake kamo su da hannunsa, aƙalla talatin kowane gari, kafin ƙarshen wata. In ya kawo, ya tahi. Na Tawa ba wuya, tabki na nan. Barmu kuwa ruwa ya ɗauke tun kwana goma.

Talata, 15 ga Oktoba

Sun je Barmu. Gidaje shida, sauro huɗu.

Na kai wata mata Takanamat da buhun gero, na dawo. Ba ruwana.

Alhamis, 17 ga Oktoba

Na san wani wuri. Can ƙarshen Barmu ta yamma, bayan rijiyar da ake shayar da dabbobi, ruwan kwami na malala ya kwanta cikin sawun shanu har bayan girbi. Nan gidan tsoho Souleyman yake, ɗakunan bunu uku, maruƙa ɗaure jikin bango. Na sha sauke kaya a gidan, na san abin da ya yi ma ƙafafuna.

Bayan asuba na tsaya da moto a bakin hanyar fita gari. Da motarsu ta zo na shiga gabanta. Abdu ya yi mini oda, ban waiwaya ba, ya gane ya biyo ni.

Madam ta ce in nuna gida kawai, kuma hannuna ya zauna cikin aljihu. Haka na tsaya bakin zane, hannu biyu a aljihu, ina nuni da baki da haɓa. Can kusa da ɗinki. A'a, wancan ƙwaro ne, dokta. Kalmar ta fita da kanta. Bai ɗago ba, amma ya bar ƙwaron.

Tsoho Souleyman ya tambayi Abdu ko ciwon hannu gare ni. Abdu ya ce eh, mai tsanani, ana mishi magani.

Talatin da shida. Sadiƙu ya rubuta murfi, ya naɗe kwanon da salatif zagaye uku, ya sa cikin rigarsa. Har Tawa bai fitar ba.

Bai yi mini magana ba.

Laraba, 30 ga Oktoba

Yamai ta amsa. Barmu Balaraba, kamar kullum. Zai tahi Lahadi.

Madam ta aiko Abdu ya ce mini damina mai zuwa za ta duba, ba ta yi alkawari ba. Wai in na iya rubuta sunan gari yadda Yamai za ta karanta, zancen zai fi sauƙi. Ni da na sauke tun ina shekara goma sha huɗu, in koma a, ba, ca? A'a.

Lahadi, 3 ga Nuwamba

Ni na kai jakar tasha, don motona ne kusa, ba don komi ba. Gwaggo ta hau wani moto ita da Sadiƙu, suna biye da ni.

Kafin a ɗora kaya ya durƙusa gaban mutane ya zuge jakar, ya fitar da komi ɗaya bayan ɗaya, yana kakkaɓewa, yana leƙa kowane aljihu. Bai sami kwaɗo ba. Ya sami sange sabo cikin leda. Ya juya shi, ya shinshina, ya ce, "Ubangidana, mi ka sa ciki?" Na ce buɗe ka gani, bawa. Ya ce sai ya kai Yamai na'ura ta duba mishi.

Kwana ashirin da huɗu ke nan rabon da ya kira ni da wani suna.

Har yanzu ina ganin rigar nan ta fi dacewa da kafaɗata. Wannan ba zan janye ba.

Na mayar da Gwaggo gida, ta ce in shigo in sha shayi. Cikin ɗakin Sadiƙu ya bar tsohon littafinsa na ajin farko bisa tabarma, wai ya manta. Na ɗauka don kada gara ta ci.

Da na je ɗauko sikari na ga murfin gwangwaninta biyu sun sāɓa, jan murfin sikari bisa na gishiri. Ita ta yi da kanta garin sauri. Tana waje, kofinta na gabana.

Na mayar da kowane wurinsa. Hannuna ne ya yi, ni ban sa shi ba.